Tawali'un Kirista: Abin da Durƙuso Ba Ya Iya Nunawa

A ƙasar Hausa tun yaro yana ƙarami ake koya masa ladabi. Ya durƙusa in zai gai da babba, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, kada ya zuba wa na gaba da shi ido, kada ya kama sunan uba ko suruki. Kiristan da ya tashi cikin wannan tarbiyya, ko a Wusasa ne ko a Maraɗi, in ya ji fasto yana wa'azin tawali'u, abin da zai fara faɗo masa a rai ke nan: sunkuyar da kai, sassauta murya, yawan "ranka ya daɗe". Ladabi abu ne mai kyau, babu mai musu. Sai dai mutum yana iya durƙusawa har ƙasa alhali a ransa yana tsaye ƙyam, shi ya sa Bahaushe ya ce Musa a baki, Fir'auna a zuci. Manzo Bulus ya yi irin wannan gargaɗi a Kolosiyawa 2:18 da 23, inda ya ambaci wani ƙasƙantar da kai na ƙirƙira, mai kama da hikima, mai gallaza wa jiki, amma ba ya hana son zuciya komai.

Ma'aunin da ya fi tsayuwa yana Romawa 12:3: kada mutum ya ɗauki kansa fiye da yadda ya kamata, sai dai ya auna kansa da natsuwa. Ayar ba ta ce ya rage wa kansa mudu ba, cewa ta yi ya auna daidai. Likitan da ya iya aikinsa in ya ce bai iya ba, ƙarya ya yi. Abin da ake so shi ne ya san daga ina iyawar ta zo, wato tambayar 1 Korintiyawa 4:7: me kake da shi wanda ba ba ka aka yi ba? In kuwa ba ka aka yi, don me kake fahariya kamar kai ka yi wa kanka?

Toma Akwinas, malamin tauhidi na Katolika da ya rasu a 1274, ya raba al'amarin gida biyu, kuma rabon yana da amfani ga mai koyarwa. Akwai halin da yake ja wa son girma linzami, kada mutum ya miƙa hannu ga matsayin da ba nasa ba. Akwai kuma halin da yake ja wa fushi linzami. A wa'azi sau da yawa ana haɗa su wuri guda, ba laifi, domin saiwarsu ɗaya ce. Amma cutarsu ta bambanta, kuma ana iya samun mai sanyin baki da yake cike da son a gan shi, kamar yadda ake samun mai zafin kai wanda bai damu da kujera ba.

Daga gaban Allah abin yake farawa

Misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji a Luka 18:9-14 kowa ya san shi, amma ana yawan wuce wani abu: Bafarisiyen bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Shari'ar Musa ta wajabta azumin rana ɗaya a shekara, Ranar Kafara, shi kuwa yana yi sau biyu a mako. Yana fid da zakkar duk abin da ya samu. Da godiya ga Allah ma ya buɗe addu'arsa. Da a ikilisiyarmu yake, da tuni an naɗa shi dattijo. Inda ya fāɗi shi ne wurin abin awo. Ya zo gaban Allah, amma da mutumin da yake tsaye can baya ya auna kansa. Mai karɓar harajin bai kalli kowa ba, bai ko ɗaga ido sama ba, ya bugi ƙirji ya roƙi jinƙai da jimla ɗaya, shi ne kuma ya koma gida baratacce.

Daga nan ake samun gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi wa addu'arsa, ko shaidar da yake bayarwa ranar Lahadi. A duba ko akwai wani mutum na uku da ake takawa don a ƙara tsawo: maƙwabcin da ba ya zuwa sujada, ɗan'uwan da ya sha giya, wata ɗarika, wani addini. In an cire shi shaidar ta rushe, to ba Allah ake yabo ba.

Lokacin da girman kai ya fi kama mutum kuma sananne ne. Ba lokacin wahala ba ne, lokacin da abubuwa suka miƙe ne. Maimaitawar Shari'a 8:11-17 ta faɗa wa Isra'ilawa tun suna jeji cewa haɗarin yana gaba, ranar da suka ci suka ƙoshi, suka gina gidaje, garkunansu suka yawaita, sai zuciya ta ce ƙarfina ne ya samo mini. Sarki Uzziya a 2 Tarihi 26 ya bi wannan hanya taki ɗaya-ɗaya. Ya hau gadon sarauta yana da shekara 16, ya yi mulki shekara 52, ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi, ya tara mayaƙa 307,500. Aya ta 16 ta ce da ya yi ƙarfi sai zuciyarsa ta kumbura. Abin lura, ba gidan giya girman kan ya kai shi ba, Haikali ya kai shi, ya shiga zai ƙona turare, aikin da na firistoci ne kaɗai. Firist Azariya da wasu 80 suka tare shi suka ce ya fita. Har a wannan lokaci ƙofa tana buɗe, da ya ajiye kaskon turaren ya juya da ya tsira. Sai ya husata, kuma yana cikin fushin ne kuturta ta fito masa a goshi. Ya ƙare rayuwarsa a keɓe, ɗansa Yotam yana riƙe da fada. Masu girman kai na cikin coci galibi irin Uzziya ne. Ba sa barin ibada, sai dai su mai da ita fagen nuna isa.

Yakubu 4:6 da 1 Bitrus 5:5 duka sun ɗauko magana ɗaya daga Karin Magana 3:34, cewa Allah yana gāba da masu girman kai, yana ba masu tawali'u alheri. Ba wai tawali'u kuɗi ne da ake sayen alheri da shi ba. Alheri kyauta ne, mai girman kai kuwa ba ya son kyauta, ciniki yake so. Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, ya zo wurin Elisha da azurfa talanti 10, zinariya shekel 6,000 da riguna 10, a shirye yake ya biya ko ya yi wani babban aiki. Abin da ya gagare shi shi ne ɗan ƙaramin umarni, ya yi wanka sau bakwai a Urdun, kuma ta bakin ɗan aike aka faɗa masa. Barorinsa ne suka lallashe shi. Augustin na Hippo, a wata wasiƙa da ya rubuta wa wani ɗalibi mai suna Diyoskorus wajen shekara ta 410, ya ce hanyar kama gaskiya ta farko tawali'u ce, ta biyu tawali'u, ta uku ma tawali'u, domin ko aikin kirki girman kai yana iya ƙwace shi daga hannun mutum a daidai lokacin da yake murnar ya yi shi.

Fushi: domin wa, nawa, har yaushe

Littafin Ƙidaya 12:3 ya ce Musa ya fi kowa a duniya tawali'u, kuma wurin da aka faɗi haka shi ne darasin. Maryamu da Haruna, 'yan'uwansa na jini, sun yi gunaguni a kan matarsa Bakushiya, suka kuma ƙalubalanci matsayinsa. Musa bai ce uffan ba. Da hukunci ya sauko wa Maryamu, shi ne ya yi mata roƙo, aka tsaya jiranta kwana bakwai kafin jama'a su tashi. Wannan Musan ne dai a Fitowa 32 ya farfasa allunan dutse, ya ƙone ɗan maraƙin zinariya, ya niƙe shi ya zama gari. Ba mutum ne marar zuciya ba. In abin ya shafi kansa yakan bar wa Allah, in ya shafi sunan Allah da halakar jama'a yakan tashi. Ranar da ya gauraya biyun, a Meriba (Ƙidaya 20), ya kira mutane 'yan tawaye, ya bugi dutsen sau biyu maimakon ya yi masa magana, ranar ce ya rasa shiga Kan'ana.

Don haka mai son ya gane fushinsa ya yi masa tambaya uku. Domin wa nake wannan fushi, domin an zalunci wani ne ko domin ba a gaishe ni yadda nake so ba? Girmansa ya yi daidai da laifin, ko tsohon ciwo ne ya sami ƙofa? Har yaushe zai zauna? Afisawa 4:26 ta yanka masa wa'adi, kada rana ta fāɗi yana nan. Yakubu 1:19-20 ya ba da tsarin aiki: saurin ji, jinkirin magana, jinkirin fushi. A yau wannan ya haɗa da waya. Rigingimu da yawa na Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa a WhatsApp suke tashi, inda ake mai da martani cikin minti ɗaya gaban mutum ɗari. Saƙon da aka rubuta cikin zafi a bar shi ya kwana, in gari ya waye har yanzu yana da amfani, a kira mutumin shi kaɗai.

Yesu ya ce da bakinsa shi mai tawali'u ne marar girman kai, ya kuma kira masu gajiya su ɗauki karkiyarsa su koya daga gare shi (Matiyu 11:28-30). Manomin da yake huɗa da shanu ya san yadda ake yi: sabon bijimi ba a rage masa ƙarfi, haɗa shi ake da horarren sa a karkiya ɗaya har ya koyi tafiya a kan kunya, ya daina fizga. Ƙarfin yana nan, an dai ba shi hanya. Wanda ya faɗi wannan magana shi ne ya kifar da teburan 'yan canji a Haikali, shi ne ya yi wa malaman Attaura wankin babban bargo a Matiyu 23. Da kuma aka zage shi bai rama ba, ya miƙa al'amarinsa ga mai shari'ar gaskiya, kamar yadda 1 Bitrus 2:23 ta faɗa.

Rashin ramuwa kuma ba shi ne yin shiru a kan zalunci ba. Da wani dogari ya mare shi a gaban Hanana, ɗaya daga cikin manyan firistoci, Yesu ya tambaye shi: in mugun abu na faɗa, ka nuna shi, in kuwa daidai na faɗa, don me ka mare ni? (Yahaya 18:23). Bulus a Filibi, bayan an yi masa dūka an kulle shi ba shari'a, da aka aiko a sake shi a ɓoye ya ƙi fita, ya ce mahukuntan su zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16:37). A Urushalima ya yi amfani da 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma ya hana a yi masa bulala, daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Duk wannan bai fitar da shi daga tawali'u ba. Bai ɗauki doka a hannunsa ba, bai zagi kowa don huce haushi ba, ya dai bi ƙofar da shari'a ta buɗe.

Wannan batu ba na aji ba ne ga Kiristocin Arewa. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wadda aka fara a Garkida a 1923, tana cikin ikilisiyoyin da suke koyar da ƙin tashin hankali. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilu 2014 'ya'yanta ne, kuma a Oktoba na shekarar Boko Haram suka mamaye hedkwatarta a Kwarhi. Wasu ɗarikun suna ganin kare kai da iyali halal ne, kuma muhawarar ta daɗe a tarihin Kirista. Amma akwai iyakar da Romawa 12:19 ta shata wa kowa: ramuwa ta Allah ce. Tare matafiyi a hanya a huce a kansa saboda abin da wasu suka yi a wani gari ba shi da mafaka a kowace fassara.

Ranar da aka ce ka yi laifi

In ana son a san tawali'un mutum, a jira ranar da za a gyara masa kuskure, musamman in na ƙasa da shi ne ya gyara. Littafin Sama'ila ya ajiye sarakuna biyu gefe da gefe. Da annabi Sama'ila ya tunkari Saul (1 Sama'ila 15), sai da ya bi mataki biyar. Ya fara da cewa ya cika umarni. Da aka ce to kukan tumakin nan fa, sai ya ɗora wa jama'a. Sannan ya lulluɓe abin da addini, ya ce don hadaya aka bar su. Da ya rasa mafita ya ce ya yi zunubi, amma ya liƙa dalili, wai tsoron mutane ya ji. A ƙarshe, aya ta 30, ya fito da abin da ke ransa: na yi zunubi, amma ka girmama ni gaban dattawa. Dawuda kuwa, wanda laifinsa a idon mutum ya fi muni, zina da kisan kai, da Natan ya ce kai ne mutumin, amsarsa jimla ɗaya ce: na yi wa Ubangiji zunubi (2 Sama'ila 12:13).

Neman gafara na gaskiya yana da sassa, kuma kowane sashe akwai inda ake ha'inci. A kira laifin da sunansa: "na yi maka ƙarya a kan kuɗin nan", ba "abin da ya faru tsakaninmu" ba. A cire "in": "in na ɓata maka rai" yana nufin wataƙila kai ne mai saurin fushi. A cire "amma", domin duk abin da ya biyo bayanta kare kai ne. A je wurin wanda aka cuta, kuma faɗin neman gafarar ya kai faɗin laifin. Wanda ya ci mutuncin mutum a taron majalisar dattawa ba zai gyara da raɗa a bayan coci ba. In akwai abin mayarwa a mayar. Littafin Firistoci 6:5 ya ce a biya abin duka a ƙara kashi ɗaya cikin biyar, Zakka kuwa a Luka 19:8 ya yi alkawarin ninki huɗu. Sannan kada a tsare mutum a ce sai ya yafe nan take, domin wannan ma wata hanya ce ta juya shi. Matiyu 5:23-24 ya sa wannan aiki gaba da baiko: a ajiye baikon, a je a shirya tukuna.

Barnad na Kilabo, wani shugaban gidan zuhudu a Faransa a ƙarni na 12, ya lissafa matakan girman kai 12, kuma ya sa furta zunubi na ƙarya a mataki na tara, can kusa da ƙasa, bayan kare laifi. Ya lura cewa wanda ya ga musu ba zai fisshe shi ba yakan zuzuta laifinsa da kansa, har masu ji su tausaya masa su koma yabon tawali'unsa. Ana ganin irinsa a mai cewa "ni ne mafi zunubi a ɗakin nan" da hawaye, amma in aka ambaci laifi guda takamaimai sai ya murtuke.

Yadda ake koyonsa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba da ƙananan abubuwa ba, ranar babban gwaji ba zai iya ba. Wani tsohon tsarin horo da Kiristocin Yamma suka gāda shi ne na Benedik, wanda ya kafa gidan zuhudu a Monte Kasino ta Italiya a ƙarni na 6. A babi na 7 na ƙa'idarsa ya jera matakai 12, ya kwatanta su da tsanin da Yakubu ya gani a mafarki, wanda ake hawa ta wurin sauka. Na farko, mutum ya riƙa tuna Allah yana ganinsa kullum. Na biyu, ya daina bautar abin da ransa yake so. Na uku da na huɗu biyayya ce da jimiri a cikinta ko da ta yi wuya. Na biyar, kada ya ɓoye wa shugabansa mugayen tunaninsa da laifofin da ya yi a asirce. Daga nan sai gamsuwa da ƙaramin matsayi, bin ƙa'idar da kowa yake bi, da kame baki. Sunkuyar da kai da natsuwar jiki su ne na 12, na ƙarshe. Mu kuwa daga nan muke farawa, sau da yawa a nan muke tsayawa.

Ba duk matakan ne za a kwaso a ɗora wa mai iyali ba. An rubuta su ne don mutanen da suka ɗauki wa'adi da son ransu, ƙarƙashin shugaban da shi ma ƙa'idar ta ɗaure shi, har babi na 3 ya umarce shi ya tara kowa don shawara, domin sau da yawa ga ƙarami Ubangiji yake bayyana abin da ya fi. Amma mataki na biyar kowa yana bukatarsa, shi ne kuma ya fi wuya a inda kunya take da ƙarfi. Mutum ya sami wani amintacce guda, namiji ga namiji, mace ga mace, mai riƙe asiri, wanda ba ya cin abinci a hannunsa, ya ba shi izinin tambayarsa komai. Sharaɗin rashin cin abinci a hannunsa yana da muhimmanci, domin yaron gida ba zai faɗa wa maigida gaskiya ba. Yakubu 5:16 ne tushen wannan.

Sai bayarwa a ɓoye. Matiyu 6:1-4 ya ce kada hagu ta san abin da dama take yi, amma ranar gidauniyar gina coci ana kiran suna da adadi a lasifika, ana tafi gwargwadon nauyin ambulan. Masu shirya taro za su ce in ba haka ba kuɗi ba ya fitowa, kuma wataƙila gaskiyarsu ne, sai dai hakan yana nuna inda ciwon yake. Wanda ba zai iya sauya tsarin ba yana iya sauya nasa: wani kaso na bayarwarsa ya bi hanyar da ba mai sani, kuɗin makarantar maraya ta hannun wani, ko buhun hatsi da aka ajiye ba suna. In ya ji ransa yana ƙaiƙayin a sani, ya ga girman abin da yake fama da shi.

Karɓar yabo ma sai an koya. "Ai ni ba komai ba ne" sau uku a jere roƙon ƙari ne. "Na gode, Allah ne ya taimaka", a ambaci waɗanda suka sa hannu, a wuce, ya isa.

Wankin ƙafa na Yahaya 13 yana nan a raye. 'Yan EYN suna yinsa tare da Jibin Ubangiji, Katolika kuma ranar Alhamis kafin Ista. Ana yawan kallon mai wankewa, amma Bitrus ne ya nuna ɓoyayyen girman kai, shi da ya ce faufau ba za a wanke masa ba. Akwai masu hidima da ba sa gajiya da taimakon mutane, amma ba za su taɓa yarda a san suna cikin bashi ko aurensu yana tangal-tangal ba, domin matsayin mai bayarwa ya fi daɗi. Al'adar kuma tana iya zama wasan kwaikwayo in wanda ya durƙusa da tawul a coci bai taɓa ɗauke kwanon da ya ci abinci a gida ba.

Wa ake yi wa wa'azin

Babbar ɓarnar da ake yi da wannan koyarwa ita ce a mai da ita sanda a hannun mai ƙarfi. Matar da ake dūka ta kawo ƙara, a ce mata "ki yi haƙuri, ki yi tawali'u", a mai da ita ɗakin ba tare da an ce wa mijin komai ba. Ma'aikacin makarantar coci ya yi wata da watanni ba albashi, in ya yi magana a ce ba shi da ruhaniya. Nassi bai tsara abin haka ba. Afisawa 5:21 ta fara da yin biyayya ga juna kafin ta zo kan mata, ta kuma ɗora wa miji ƙauna irin ta mai ba da ransa. Kolosiyawa 3:19 ta hana shi tsananta mata, 1 Bitrus 3:7 ta ce rashin girmama ta yana toshe addu'arsa. Yakubu 5:4 ya ce hakkin ma'aikaci da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Inda rai yake cikin haɗari, aikin fasto na farko shi ne matar ta sami wurin tsira, a kira mijin a tsawata masa, in abin ya kai na hukuma a kai, tunda Romawa 13:4 ta ce don haka aka ba hukuma takobi. Maganar sulhu tana zuwa bayan an ga tuba mai alama.

In an bi Sabon Alkawari a hankali, mafi nauyin wannan umarni a kan manya yake. Filibiyawa 2:5-8 ta nuna wanda yake da komai ya sauko ya ɗauki surar bawa. A Markus 10:42-45 Yesu ya ce sarakunan al'ummai suna nuna wa mutanensu iko, amma ba haka zai zama a tsakaninku ba. Bitrus ya hana dattawa mallake garken (1 Bitrus 5:3), shi da kansa kuma da Karniliyas, wani hafsan sojan Roma, ya fāɗi a gabansa ya ɗaga shi ya ce ni ma mutum ne. Bulus, da zai kai gudummawa Urushalima, bai riƙe jakar shi kaɗai ba, ya tafi da wanda ikilisiyoyi suka zaɓa don kada a sami abin zargi (2 Korintiyawa 8:18-21). Tawali'un shugaba ke nan a aikace: mutum biyu ko uku su ƙirga baiko su sa hannu, a karanta rahoton kuɗi gaban jama'a, ya amsa tambaya ba tare da ya ɗauke ta raini ba.

Ayar da ake fakewa da ita don a hana tuhumar shugaba, "kada ku taɓa shafaffuna" ta Zabura 105:15, a wurinta tana magana ne a kan kakannin Isra'ila lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo cikin al'ummai. Dawuda ma da ya ƙi kashe Saul a kogo, ya fito ya faɗa masa laifinsa da babbar murya (1 Sama'ila 24). 1 Timoti 5:19-20 ta ba da tsari mai kare kowa: kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, in kuwa ta tabbata yana ci gaba da zunubi a tsawata masa gaban kowa.

Mai gyara wani shi ma yana da nasa gwajin, domin babu inda girman kai yake samun wurin ɓuya kamar wurin horon mai laifi. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da shi cikin ruhun tawali'u, mai gyaran yana lura da kansa. Matiyu 18:15-17 ya jera hanyar: kai da shi kaɗai tukuna, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai gaban ikilisiya. Abin da ya fi faruwa shi ne a tsallake biyun farko, labari ya gama gari, sannan a sanar ranar Lahadi. A ikilisiyoyi da yawa wanda aka sa a horo yakan koma bencin baya, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji, kuma in cikin shege ne, sau da yawa yarinyar ce take zama a can ita kaɗai domin nata ne ya fito fili. Majalisar da take son ta yi daidai ta binciki ɓangare biyun da mudu ɗaya, ko namijin ɗan wane ne. Ta faɗa wa mai laifin tun ranar farko abin da ake jira a gani da lokacin da za a sake zama a kan maganarsa, ta kuma naɗa dattijo ko wata uwa daga Zumuntar Mata da za ta riƙa ziyartarsa a tsakani. In wa'adin ya cika, a karɓe shi a fili kamar yadda aka dakatar da shi a fili, domin Bulus ya gaya wa Korintiyawa a 2 Korintiyawa 2:6-8 cewa hukuncin da aka yi ya isa, su yafe masa su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.